Yadda ake kallon zanen fensir har ka ji abin da yake faɗa wa ruhi

Akwai wani zane da yake rataye a bangon ɗakina yau kusan shekara huɗu, fensir ne zalla ba kala ko ɗigo. Ƙofa ce a ɗan buɗe, haske ya shigo ta tsakanin ya kwanta a ƙasa, sai takalmi ƙafa biyu a bakin ƙofar, shikenan, ba mutum ba rubutu ba komai. Duk wanda ya shigo sai ya kalla ya ce "ƙofa ce ko?" ya wuce, kuma ban ga laifinsu ba don nima haka na yi ta yi wata da watanni. Sai daga baya na gane cewa irin wannan zanen ba ya ɗaga murya, in ba ka zauna ka saurare shi ba, ba abin da zai gaya maka. Toh abin da na koya a kansa da kan wasu zanukan shi zan jero maka a nan, mataki mataki, yadda kaima in an miƙo maka takarda ɗaya da zanen fensir a kai zaka san ta inda zaka shiga.

Mataki na farko, gyara zama da haske

Kar ka raina wannan. Baƙin fensir yana da ƙyalli, in haske ya doke shi gaba da gaba sai wuraren da suka fi duhu su koma kamar azurfa, kaga kenan ka juya zanen gaba ɗaya tun ba ka fara ba. Ka sa hasken ya zo daga gefe, na taga ya fi, kuma kar ka haska shi da tocilar waya. In zanen a waya yake ko kwamfuta, ka buɗe shi ya cika sikirin, ka kashe duk wani abu da zai yi ƙara, kuma kar ka yi saurin jawo shi kusa, fara ganinsa dukansa tukun.

Sai lokaci. An taɓa yin wani bincike a gidan adana zane-zane na Metropolitan da ke Amurka a 2001, aka ga yawancin mutane abin da suke yi a gaban shahararren zane bai kai rabin minti ba. Akwai kuma wata malama a jami'ar Harvard, Jennifer Roberts, da take sa ɗalibanta su zauna gaban zane ɗaya awa 3 cur kafin su rubuta komai a kansa. Ni ba zan ce maka awa uku ba, minti 10 kawai nake roƙo, amma goman nan ka bayar da su da gaske. Minti biyun farko zaka ji kamar ka gama ganin komai, zuciyarka za ta ce tashi, toh daure, a nan ne kallon yake farawa.

Mataki na biyu, faɗi abin da ke wurin kawai

Kafin ka ce zanen yana nufin kaza, lissafo abin da idonka ya gani, a fili ko a zuci. Ƙofa. Inuwa a bayanta. Takalmi biyu, ɗaya ya ɗan kwanta a gefe. Ƙasa mai layi-layi. Gefen dama na takardar ba a taɓa shi ba. Kar ka saka kalma irin "bege" ko "kaɗaici" yanzu, lokacinsu bai yi ba. Dalili kuwa shi ne da zarar ka laƙaba wa zane ma'ana, ido yakan daina nema, sai ya riƙa ɗauko abin da ya dace da ma'anar kawai yana tsallake sauran.

Mataki na uku, nemo wurin da ya fi ko'ina fari

In ka manta duk sauran matakan, wannan dai kar ka manta shi, don a ganina nan ne zuciyar lamarin take.

Fensir ba ya zana haske. Ka tsaya ka yi tunanin wannan da kyau. Mai fenti yana da farin fenti, in yana son haske sai ya ɗebo ya shafa, amma mai fensir duhu kawai ne a hannunsa, duk layin da ya ja rage farin takarda yake yi. Saboda haka duk hasken da ka gani a zanen fensir ba saka shi aka yi ba, barinsa aka yi, takardar ce da kanta a wurin da mai zanen ya kame hannunsa bai taɓa ba. Ya zagaye wurin da duhu har farin ya fara haskawa. Wallahi ranar da wannan ya faɗo min sai da na jima ina kallon ƙofar nan ban motsa ba, don na gane abin da ya fi komai muhimmanci a zanen shi ne wurin da ba a zana komai ba.

Ga yadda zaka nemo shi. Ka ɗan runtse ido kamar mai kallon rana, har ƙananan abubuwa su ɓace, abin da zai rage shi ne manyan tabo na fari da baƙi. Duba ina farin ya fi ƙarfi. Daga nan ka yi wa kanka tambaya uku. Daga ina hasken ya taso? Ana ganin tushensa a cikin zanen, kamar fitila ko kyandir ko wata, ko kuwa daga waje yake zuwa, daga wani wuri da takardar ba ta nuna ba? Sannan a kan me ya sauka?

Tambaya ta biyun nan tana da nauyi. Zanen da aka nuna fitila a cikinsa yana gaya maka ga inda haske yake, ka zo. Wanda kuma tushen hasken yake ɓoye, kana ganin aikinsa ba ka ganin shi kansa, wannan wata magana ce daban, kuma duk mai imani ya san wannan yanayin a rayuwarsa, ganin alama ba tare da ganin Mai alamar ba. Ba yau aka fara haɗa haske da shiriya ba ai. A Alƙur'ani akwai ayar nan ta 35 a Suratun Nur, inda aka kawo misalin taga da fitila a cikinta, fitilar a cikin gilashi, ana kunna ta da man itaciyar zaitun mai albarka. A Zabura ta 119 aya ta 105 ma an kamanta maganar Allah da fitila ga ƙafafun mai tafiya. Masu zane sun daɗe suna ɗiba daga wannan rijiyar. Rembrandt, mutumin Holan ɗin nan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669, in ka duba ayyukansa na baƙi da fari zaka ga yakan cika takarda da duhu ya bar wuri ƙarami kawai, fuska ɗaya ko tafin hannu, kuma ko ba a gaya maka ba nan idonka zai je ya tsaya.

Sai wani abu ƙarami da ba kowa ke dubawa ba. Matsa kusa da farin nan sosai ka gani, barinsa aka yi tun farko ko da kilina aka goge? Wanda aka bari yakan zama tas, fatar takardar lafiya lau. Wanda aka goge kuwa zaka ga ɗan toka-toka ya rage a ciki, wani lokacin takardar ta ɗan yi gashi. Na farkon yana nuna mai zanen ya san inda haskensa yake tun kafin ya ja layin farko, ya yi ta kare shi har ƙarshe. Na biyun yana nuna sai da wurin ya yi duhu sannan aka ƙwaƙulo hasken daga ciki, kuma tabon duhun bai gama fita ba. Ni wannan na biyun ya fi taɓa ni, don ya fi kama da tuba.

Mataki na huɗu, bi sawun hannu

Fensir ba ya rufa wa mai shi asiri. Inda ya danna, inda ya sassauta, inda hannunsa ya yi rawa, inda ya yi kuskure ya goge ya sake, duk suna nan. Ka ɗan karkata takardar ta yadda haske zai kwanta a kanta, zaka ga wuraren da bakin fensir ya nutse har ya yi rami.

Yana da kyau ka san kayan aikin kaɗan. Abin da ke cikin fensir ba dalma ba ne kamar yadda mutane da yawa suke ɗauka, wani ma'adini ne da ake kira girafayit, an samu babban ramin sa a Borrowdale da ke arewacin Ingila tun ƙarni na 16. A 1795 wani Bafaranshe mai suna Nicolas-Jacques Conté ya fito da dabarar niƙa shi a haɗa da yumɓu a gasa, kuma ita ce ake bi har yau. In yumɓun ya yi yawa fensirin ya yi tauri, layinsa siriri mai haske, su ne masu alamar H. In girafayit ya fi yawa ya yi laushi ya yi baƙi, su ne masu B, irin 2B, 4B, 6B. HB kuma yana tsakiya, shi ne wanda kowa ya sani. Amfanin sanin wannan shi ne ka bambance duhu iri biyu, akwai wanda aka samu da sauƙi da fensir mai laushi, shafa ɗaya biyu ya yi, akwai kuma wanda aka gina da fensir mai tauri, layi kan layi kan layi, ƙila sau ɗari. Na biyun nan haƙuri ne kake gani da idonka.

Ka zaɓi layi ɗaya ka bi shi da ido daga inda ya fara har inda ya ƙare, a hankali, da saurin da kake zaton hannun ya yi. Zaka ji numfashinka ya canza. Layin da aka ja a guje daban, wanda aka ja ana riƙe numfashi daban. Akwai wata mai zane Agnes Martin, an haife ta a Kanada a 1912 ta rasu a Amurka a 2004, ita aikinta yawanci layuka ne kawai na fensir a kan babban ƙyalle mai ƙafa 6 tsawo ƙafa 6 faɗi, a tsaye da a kwance, ba mutum ba itace ba komai. Daga nesa kamar inji ne ya buga, in ka matso sai ka ga kowane layi yana ɗan rawa, yana kauri yana sirancewa. Mutane sukan zauna gaban aikinta su yi shiru na tsawon lokaci. Duk wanda ya san daɗin maimaita kalma ɗaya a zikiri ko addu'a har zuciya ta lafa, zai gane me ke faruwa a nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Gargaɗi ɗaya, ka bi da ido kawai, kar ka kai yatsa. Na taɓa kai ɗan yatsa kan inuwar ƙofar nan ina so in ji zurfin layin, sai ga shi na jawo baƙi ya shiga cikin hasken, tabon yana nan har yau kuma duk sanda na gan shi sai raina ya sosu. Fensir a saman takarda yake zaune, bai shiga cikinta ba. In dole ka ɗauka, riƙe ta gefe-gefe.

Mataki na biyar, auna girma da fili

Duba abin da aka zana, nawa ya ci a takardar, nawa aka bari. Mutum ɗan ƙarami a ƙasan takarda da sama fetal a kansa ba ɗaya yake da mutumin da fuskarsa ta cika takardar ba. Caspar David Friedrich na Jamus ya yi wani zane na fenti tsakanin 1808 da 1810, wani mai ibada shi kaɗai a bakin teku, ɗan mitsitsi, sauran duk ruwa ne da sararin sama, kuma wannan ƙanƙantar ita ce maganar gaba ɗaya. A Japan kuma masu bin tafarkin Zen, wani reshe na addinin Buddha, suna da da'irar da suke kira enso, ja ɗaya ake yi mata da burushi ba gyara, wasu su rufe ta wasu su bar ɗan gibi, cikinta kuma wayam. Fili a zane ba ragowa ba ne, ka ƙirga shi cikin abin da aka faɗa. Sannan ka lura da inda idonka yake ƙarewa, sama yake hawa, ciki yake nutsawa, ko fita yake daga takardar gaba ɗaya.

Mataki na shida, yanzu ne zaka taɓa alamomi

Da gangan na ajiye wannan sai yanzu, don a nan mutane suka fi zamewa. An ga tsuntsu an ce rai ne, an ga hanya an ce rayuwa ce, an ga itace an ce imani, an rufe littafi. Eh, waɗannan ma'anonin suna nan kuma tsofaffi ne, a Suratu Ibrahim aya ta 24 an kamanta kyakkyawar kalma da itaciya mai kafaffen tushe da rassa a sama. Amma alama ba ta da fassara guda a duk duniya. Farin tufafi a wasu ƙasashe na biki ne, a Indiya na makoki ne. Maciji a wani wuri sharri ne, amma shi ne a naɗe jikin sanda a tambarin likitoci. Furen bado a wajen mabiya Buddha tsarki yake nufi, saboda daga taɓo yake fitowa kuma taɓon bai ɓata shi ba. Saboda haka ka fara tambayar wa ya yi zanen, daga wace al'umma, sannan ka fassara.

Kuma ba zana abin addini ne ke sa zane ya zama na ruhi ba. Ɗauki hannayen nan biyu masu addu'a da mai zanen Jamus Albrecht Dürer ya zana a 1508, waɗanda suke ajiye a gidan adana zane-zane na Albertina a ƙasar Ostiriya. Da burushi ya yi su a kan shuɗiyar takarda, kuma gwaji ne kawai na wani babban aikin coci da wani attajiri Jakob Heller ya ba shi. Labarin da yake yawo a intanet wai hannun ɗan'uwansa ne da ya lalace a ramin haƙar ma'adinai don ya biya masa kuɗin karatu, wannan ba shi da tushe, kuma zanen ba ya buƙatarsa. An kwaikwayi hannayen nan ba adadi amma yawancin kwaikwayon ba sa motsa kowa, saboda sun ɗauki siffar sun bar abin da ya ba ta rai, wato jijiyoyin da suka fito, gaɓoɓin da suka ɗan kumbura, hannun riga da aka naɗe, yatsun da suka taɓa juna a hankali ba a matse ba. Hannun mutum ne na gaske wanda ya yi aiki ya gaji.

Ga wanda zuciyarsa ba ta natsu da zanen abu mai rai ba, kuma malamai sun yi magana mai yawa a kan wannan, ƙofar ba ta rufe masa ba ko kaɗan. Duk abin da na faɗa yana aiki a kan zanen dutse, kogi, taga, ko zanen nan na taurari masu kusurwa da ake fitarwa da kamfas da rula, wanda ya cika bangon fadar Alhambra a Sifen, dukansa daga ɗigo ɗaya da da'ira ɗaya yake tasowa ya yi ta yaɗuwa har ido ya rasa ƙarshensa. Ibn Muƙla, gwanin rubutu na Bagadaza da ya rasu a 940, shi ma a kan ɗigon alƙalami da tsawon alif da da'ira ya ɗora ma'aunin haruffan Larabci. In an yi irin wannan da fensir ka nemi layukan share fage da ba a goge ba, ka bi su baya baya har ka iso ramin da tsinin kamfas ya huda a tsakiya.

Mataki na bakwai, raba naka da na takardar

Yanzu ka faɗi abin da ka ji, natsuwa ce, tsoro ne, kewa ce, ko nauyi a ƙirji da ba ka san sunansa ba. Rubuta shi a layi biyu ko uku. Sai ka gwada shi, kowace kalma da ka rubuta ka nuna wurin da ta fito a zanen. In ka ce natsuwa, ina take, a layukan da suka kwanta ne ko a filin da aka bari? In ka iya nunawa, toh zanen ne ya faɗa. In ka kasa, daga cikinka ta fito, kuma wannan ba laifi ba ne sam, sau da yawa ma shi ne babban amfanin kallon, kawai dai ka san naka ne kar ka ɗora wa mai zanen.

In kana da halin magana da wanda ya yi zanen, kar ka ce masa "me yake nufi?", yawancinsu tambayar tana ɗaure musu harshe. Ka ce daga ina ka fara, ina ya fi ba ka wahala, me ya sa ka tsaya a nan. Wadda ta zana ƙofar nan tawa ɗaliba ce, kuma da na yi mata tambayar ƙarshen nan ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce min ta yi niyyar zana mahaifinta a tsaye a cikin hasken, a shekarar ya rasu, ta gama ƙofa ta gama takalma ta bar wurinsa sai ƙarshe, da ta zo kansa hannunta ya ƙi, sai ta ajiye fensirin.

Mataki na takwas, ɗauki fensir da kanka, sannan ka dawo

Ba sai ka iya zane ba. Samu takarda da HB ɗaya ka yi minti 15 kana kwaikwayon inuwar kawai, ka bar farin yadda yake. Zaka ji da hannunka wahalar da ke cikin kare wuri ɗaya kar baƙi ya shige shi, kuma daga ranar kallonka ya canza. Bayan nan ka ajiye zanen a firam mai gilashi, amma a sa ɗan kwali a gefe yadda gilashin ba zai manne da fensirin ba, kuma nesa da rana don takarda tana yin ja ta bushe.

Sai ka riƙa dawowa gare shi a lokuta daban daban, da sassafe, da dare, ranar farin ciki, ranar da abubuwa suka cushe. Ni sai a shekara ta uku, wata safiya da hasken taga ya kwanto a kansa daga hagu, na lura da wasu layuka biyu siraru a tsakiyar farin nan, da fensir mai tauri aka ja su aka goge, ramin su ne kawai ya rage a takardar. Faɗin kafaɗun mutum ne.